Ɗan kunne mai lamba ya isa a bi sawun nama zuwa gonar da ya fito?

Mai_Garke:

Assalamu alaikum, masana da ke wannan zaure. Ana ta maganar sanya wa dabbobi lamba a kunne da yi wa gonaki rajista, wai don idan aka samu matsala a nama ko madara a iya bin sawu har garken da abin ya fito. A ɗauka mutum yana da shanu 60 da tumaki da awaki kamar 200, yana saye yana sayarwa, kuma yana so ya yi abin yadda ya kamata. Daga ina zai fara? Ɗan kunnen roba mai rubutu ya wadatar, ko dole sai mai na'ura a ciki? Kuma abin da ya fi ɗaure mini kai: idan aka yanka saniya aka cire kai da fata, ɗan kunnen ya tafi da kan, to ta yaya za a ce wannan tsokar ta saniya kaza ce? Allah ya saka da alheri.

Likitan_Dabbobi:

Wa alaikumus salam, Malam Mai Garke. Ɗan kunne shi kaɗai ba ya bin sawun komai. Aikinsa ɗaya ne, ya bambanta wannan dabba da waccan. Bin sawu yana tsaye ne kan abu uku kamar duwatsun murhu: lambar wuri, lambar dabba, da rubuta kowane motsi da dabbar ta yi daga wani wuri zuwa wani. Na ukun shi ne wanda aka fi sakaci da shi, kuma shi ne wanda ake nema ranar da cuta ta ɓulla.

Ku fara da lambar wuri kafin ku taɓa kunnen ko da akuya ɗaya. Hukumar kula da lafiyar dabbobi ce ke ba kowane wurin da ake ajiye dabba lamba tasa ta dindindin, kuma ba gona kaɗai ake nufi ba: kasuwar dabbobi, mayanka, zangon da ake sauke dabbobi su huta, wurin killacewa, duka suna buƙatar lamba. A takardar rajista ana rubuta sunan mai kula da dabbobin da lambar wayarsa, inda wurin yake a taswira, irin dabbobin da ke ciki da ƙiyasin yawansu, da abin da ake kiwo dominsa, nama ko madara ko hayayyafa. Ku lura, mai kula aka ce, ba lallai mai dukiya ba, domin wanda ke tare da dabbobin kullum shi za a kira da tsakar dare. Lambar tana manne da ƙasar ne, ba da mutum ba. Idan gona ta canza hannu lambar tana nan, saboda akwai abin da ke zama a ƙasa: ƙwayar ciwon saifa tana iya kwanciya a cikin turɓaya shekaru masu yawa, haka ma wasu tsofaffin magungunan ƙwari. Idan kuna da fili biyu masu nisa da juna, ku tambayi hukuma ko za a haɗe su a lamba ɗaya ko a raba. A Ostireliya lambar wuri tana da haruffa da alƙaluma takwas, kuma ba a sayar wa mutum ɗan kunnen hukuma sai da ita.

Sai dabba. Ƙa'idar da ba a taɓawa ita ce, lamba ɗaya ga dabba ɗaya har ta mutu, kuma ba a sake ba wata dabba wannan lambar. A Tarayyar Turai maraƙi yana samun ɗan kunne biyu, ɗaya a kowane kunne, cikin kwana 20 da haihuwa, kuma ba ya barin gonar da aka haife shi ba tare da su ba. Biyun ba ado ba ne, idan ɗaya ya faɗi ɗayan ke riƙe da shaidar dabbar.

Wajen sakawa ne ake yawan ɓata aiki, don haka bari in tsaya a nan kaɗan. A kama kan dabbar sosai, kada ta iya fizga, domin fizgar da za ta yi filaya na rufe ita ke yaga kunne. Idan kuka shafa kunnen saniya za ku ji guringuntsi biyu sun miƙe daga gindi zuwa baki. A tsakaninsu ake hudawa, kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon kunnen daga kai, a kauce wa manyan jijiyoyin jini. Idan aka matsa kusa da kai sosai, naman wurin yana da kauri, ɗan kunnen zai matse, iska ba za ta shiga ba, sai wurin ya kumbura ya yi mugunya. Idan aka kai shi can bakin kunne, igiya ko waya ko reshe zai kama shi ya tsinke. Ɓangaren mai tsini yana shiga ta bayan kunne, mai ramin yana zama ta ciki. A tsoma tsinin a maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin kowace dabba, a matse da ƙarfi sau ɗaya, a saki nan take, sannan a juya ɗan kunnen da yatsa a tabbatar yana juyawa. A yi amfani da filayar kamfanin da ya ƙera ɗan kunnen, domin allurar wani kamfani ba ta kai tsinin ƙarshen raminsa, sai ya zama kamar ya kulle alhali bai kulle ba. A duba allurar kada ta kasance ta lanƙwashe. A yi aikin kunne a bushe, kuma a lokacin da ƙudaje suka yi yawa a fesa maganin ƙuda a kan raunin, a sake dubawa bayan mako ɗaya zuwa biyu. Kafin a saki dabbar a karanta lambar da babbar murya, mai rubutu ya maimaita, tare da jinsi, launi, ranar haihuwa da lambar uwa.

Yanzu motsi. Duk dabbar da ta shiga ko ta fita, a rubuta lambarta, ranar, lambar wurin da ta fito, lambar wurin da za ta, da lambar motar da ta ɗauke ta. Mai bayarwa ya rubuta, mai karɓa ma ya rubuta, sai rumbun bayanan hukuma ya gwada biyun. A Birtaniya kwana 3 ake ba mai shanu ya kai rahoton motsi. Dalilin wannan tsanani a bayyane yake. A watan Fabrairun 2001 aka gano cutar baki da kofato a wata mayanka a yankin Essex na Ingila, amma kafin a hana zirga-zirgar dabbobi a faɗin ƙasar, tumaki masu ɗauke da cutar sun riga sun ratsa kasuwannin Hexham da Longtown sun watsu. Tumaki ba sa nuna alamar wannan cuta sosai, kuma a lokacin ba su da lambar ɗaiɗai. Gonaki fiye da 2,000 suka kamu, aka kashe dabbobi sama da miliyan 6. Bayan nan ne aka kafa dokar da har yau take aiki a Ingila da Wales: idan saniya ko tunkiya ko akuya ta shigo gona, babu wadda za ta fita sai bayan kwana 6, sai dai wadda za ta mayanka kai tsaye.

Injiniya_RFID:

Allah ya ƙara sani, Likita. Ni zan ɗauki ɓangaren na'ura, domin akwai rashin fahimta guda da ke yawo: mutane da yawa suna zaton ɗan kunne mai na'ura yana nuna inda dabba take a waya. Ba ya yi. Babu batir a cikinsa, babu GPS. Ƙaramin guntu ne da naɗaɗɗiyar waya, yana kwance shiru sai na'urar karantawa ta matso ta ba shi wuta ta iska, ya amsa da lambarsa kawai. Sunan mai dabba, shekarunta, maganin da aka yi mata, duk ba sa cikin guntun, suna rumbun bayanai. Abin wuyan da ke nuna inda dabba take wani kaya ne dabam mai batir, kuma ba ya maye gurbin lambar hukuma.

Idan za ku saya, ku nemi wanda ya bi ƙa'idar ISO 11784 da 11785, mai aiki a kan mita 134.2 kHz, wanda ICAR, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai tantance kayan shaidar dabbobi, ta gwada ta amince da shi. Lambar alƙaluma 15 ce. Ukun farko lambar ƙasa ce, misali 840 Amurka, 124 Kanada, 826 Birtaniya, ko kuma lambar kamfanin da ya ƙera, wadda ke farawa daga 900 zuwa sama. Akwai masu arha da ke aiki a kan 125 kHz, irin na katin buɗe ƙofa. Na'urar hukuma ba za ta karanta su ba, kada ku kusance su. Kuma kada ku sayi komai kafin ku tambayi hukumar ƙasarku, domin a mafi yawan tsare-tsare ita ke fitar da jerin lambobi ta ɗaura su a kan lambar gonarku.

Iri biyu ne a ƙarƙashin wannan ƙa'ida, FDX-B da HDX. Na farko yana amsawa a daidai lokacin da ake ba shi wuta, na biyu yana tara wutar, sai na'ura ta yi shiru ya amsa, shi ya sa galibi ake karanta shi daga ɗan nesa. Na'urar da ta cika ƙa'ida tana karanta duka biyun. Da sandar hannu sai an kusanto kunnen, tazarar 'yan santimita goma-goma. Allon da ake kafawa a lungun da dabbobi ke bi ɗaya bayan ɗaya yana iya kai wa wajen mita ɗaya. Abubuwan da ke hana karatu sanannu ne: an ɗaura allon kai tsaye a jikin ƙarfe, akwai janareta ko injin lantarki a kusa, batirin sanda ya yi sanyi, ko dabba biyu sun cusa kai a lokaci guda, lambobin suka yi karo. Haka in mai aiki ya zuba sauran 'yan kunne a aljihunsa yana tsaye kusa da allo.

Akwai kuma dunƙulen da ake ba dabba ta haɗiye. An yi shi da tangaran mai nauyi, na shanu yana kai wa wajen giram 70, na tumaki da awaki ƙarami ne, wajen giram 20. Nauyinsa ke sa ya zauna a ƙaramin tumbin nan mai kama da saƙar zuma har ƙarshen ran dabbar, ana karanta shi ta hagu, bayan gwiwar ƙafar gaba. Ba ya faɗuwa, ɓarawo kuma ba ya iya yanke shi. Amma ba a ba jariri, sai dabba ta kai nauyin da kamfanin ya rubuta, kuma wanda bai iya ba yana iya ji wa maƙogwaro rauni. A bar dabbar ta haɗiye da kanta, kada a tura da ƙarfi, kuma a karanta kafin a ba ta da bayan ta haɗiye. Babbar matsalarsa ita ce ido ba ya ganinsa. Botswana ta fara da irin wannan dunƙule a 2001, daga baya ta koma ɗan kunne mai na'ura, wanda mai dabba zai iya sakawa ya kuma karanta rubutun jikinsa.

Gargaɗi ɗaya ga mai ajiye lissafi a kwamfuta: Excel yana mayar da lamba mai alƙaluma 15 wani gajeren rubutu mai E a tsakiya, yana kuma share sifilin farko. Idan aka adana fayil ɗin a haka, lambobin sun lalace. Ku mayar da layin ya zama na rubutu kafin ku zuba lambobin.

Ra'ayina, ga garke irin wanda kuka kwatanta, a sa mai na'ura a kunne ɗaya, mai babban rubutu a ɗayan. Kwafe alƙaluma 15 da hannu sau 200 a rana ɗaya, dole a samu kuskure.

Sufeton_Nama:

Sannunku da ƙoƙari. Malam Mai Garke, tambayarku ta ƙarshe ita ce zuciyar maganar, domin a mayanka ne sarƙar ta fi tsinkewa.

Ga yadda ake yi a mayankar da ke aiki da tsari. Mota tana isowa, a karanta lambar kowace dabba a gwada da takardar rakiya. Wadda ba ta da lamba, ko lambarta ba ta cikin takarda, a ware ta, ba a yanka ta sai an warware. Likita ya duba su da rai. A wurin yanka, kafin a cire kai, a sake karanta ɗan kunnen a ba dabbar lambar jerin yanka ta wannan rana, a ce 047. A rubuta a rajista cewa 047 ita ce mai ɗan kunne kaza. Daga nan 047 ce shaidarta: a manna ta a kai, a tiren kayan ciki, a huhu da hanta, a kowane ɓari bayan an tsaga gangar jikin biyu, da kowane kwata idan an raba huɗu. Dole kai da kayan ciki su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da gangarsu har a gama duba, domin idan aka ga ƙullutun tarin fuka a kaluluwar huhu ko ta kai, sai an san gangar da za a riƙe da kuma garken da za a je a yi wa gwaji. Kuskuren da aka fi yi shi ne a janye ganga ɗaya daga layi don ƙarin bincike ba tare da an rubuta ba. Duk lambobin da ke bayanta sai su goce da ɗaya, a ɗora wa gonar da ba ruwanta laifin wata. Shi ya sa ake ƙirga kawuna, fatu da gangar jiki a ƙarshen kowane rukuni, a ga sun yi daidai. 'Yan kunnen da aka cire a tattara a lalata su, a kuma sanar da rumbun bayanai cewa waɗannan lambobi sun mutu. In ba haka ba, za su dawo a kunnen dabbar sata.

A ɗakin yanka gunduwa-gunduwa, yawanci ba a bin dabba ɗaya ɗaya, ana bin rukuni. A ce ganga 20 suka shiga tebur da safe, duk kwalin da ya fito yana ɗauke da lambar rukuni ɗaya, kuma rajista ta nuna ganga 20 ɗin da ke cikinsa. A nan nake so ku riƙe wannan: girman rukuni shi ne girman asara. Idan rukuni na yini guda ne, yini guda za a janye daga kasuwa. Idan ana zuba ragowar jiya a cikin na yau, na yau a cikin na gobe, kamar yadda ake yi da niƙaƙƙen nama, to babu iyaka, komai zai tafi. A watan Disambar 2008 aka gano gubar dayoksin a abincin dabbobi a Ireland. Gonakin aladu wajen goma ne kawai suka karɓi gurɓataccen abincin, amma da yake nama ya cakuɗe a masana'antu, sai da aka janye duk naman aladen ƙasar da aka yanka tun farkon Satumba. Japan kuma ta ɗauki hanyar da ta fi tsauri bayan cutar haukan shanu ta ɓulla can a 2001: kowace saniya tana da lamba mai alƙaluma 10, lambar tana bin naman har kan fakiti, mai saye yana iya shigar da ita a intanet ya ga inda aka haife ta da inda aka yi kiwonta.

Dokar abinci ta Tarayyar Turai ta 2002 ta tsaya kan ƙa'ida mai sauƙi: kowa ya san wanda ya kawo masa da wanda ya kai wa, taki ɗaya baya, taki ɗaya gaba. Tana da amfani, amma takarda ce, kuma takarda tana ɗaukar ƙarya. A 2013 aka samu naman doki a cikin kayan da aka rubuta naman shanu a ƙasashen Turai da dama, kuma gwajin DNA ne ya tona, ba takardun ba. Don haka tsari mai kyau yana haɗawa da ɗaukar samfur lokaci zuwa lokaci.

Abin da ya rataya a wuyanku a gona, wanda mu a mayanka ba za mu iya gani da ido ba, shi ne magani. Ku buɗe littafi dabam: lambar dabba, sunan magani, lambar rukunin da ke jikin kwalba, yawan da aka yi, ta inda aka yi, ranar farko, ranar ƙarshe, da ranar da wa'adin jira zai cika. Ana ƙirga wa'adin daga allurar ƙarshe, ba ta farko ba. Kwanakin suna jikin kwalba kuma sun bambanta daga magani zuwa magani da ƙasa zuwa ƙasa. Allurar ivermectin ta shanu, maganin tsutsa, misali, kwana 35 ne kafin yanka a Amurka, kuma ba a yi wa saniyar da ake tatsa don mutane su sha. Idan aka ƙara yawan magani fiye da abin da aka rubuta, ko aka zuba da yawa a wuri ɗaya, kwanakin jikin kwalbar ba su da sauran aiki, sai likita ya tsayar da sabon wa'adi. Saniyar tatsa da ke kan magani a ɗaura mata ƙyalle mai launi a ƙafa, a tatse ta a ƙarshe, a zubar da nonon. Mai tattara madara kuma ya ɗebi samfur daga kowace gona kafin ya juye a tanki, domin bayan an haɗe ba mai iya cewa daga ina maganin ya shigo. Idan kun sayar da dabba wa'adinta bai cika ba, ku rubuta a takardar rakiya. Buhunan abinci ma a ajiye shaidar sayensu da lambar rukuninsu.

Mai_Garke:

Madalla, Allah ya biya ku. Saura biyu. Idan ɗan kunne ya faɗi fa, ko aka sayo dabba babu komai a kunnenta? Sannan garken da ba ya zama wuri ɗaya, yana bin ciyawa da ruwa daga wannan yanki zuwa wancan, wace gona za a yi masa rajista da ita?

Jami'ar_Rajista:

Malam, idan ɗaya ya faɗi ɗayan yana nan, abin da sauƙi. A wasu tsare-tsaren ana buga muku sabo mai lamba iri ɗaya da tsohuwar, a wasu kuma ana sa sabuwar lamba a rubuta a rumbu cewa ta gaji tsohuwa. Ko wanne ne, a yi shi da wuri, kada a jira ranar sayarwa. Idan duka biyun sun tafi, sai a karanta sauran garken gaba ɗaya a ga lambar da ta rage ba mai ita, a gwada da jinsi, launi, shekaru da hoton da aka ɗauka ranar sakawa. Idan dabba biyu ne suka rasa nasu a lokaci ɗaya kuma suna kama, kada a yi cinta. A ba kowace sabuwar lamba a rubuta gaskiya cewa tarihinta ya yanke daga ranar. Lambar da aka cinta ta fi rashin lamba haɗari, domin tana aika masu bincike gonar da ba ita ba.

Wadda aka sayo kunne fayau, a sa mata lamba ranar da ta iso, a rubuta wanda ya sayar, wurin, da ranar, a nuna a fili cewa ba haihuwar gonar ba ce. Ostireliya ta warware wannan da launi: farin ɗan kunne na saniyar da aka haifa a gonar, ruwan lemo na wadda aka sa wa lamba a wani wuri bayan ta bar gonar haihuwa. Wanda ya kalli kunnen ya san ko tarihin cikakke ne. Kuma ba a cire lambar hukuma don a sa ta gida. In kuna son lambar kiwo taku, ku ƙara a gefe.

Garke mai tafiya ba ya hana rajista, sai dai a sauya abin da ake ɗaura lambar a kai. Ana yi wa mai kula da garken rajista da mazauninsa na asali, a ba garken lamba, sannan a ba wuraren kiwo na tarayya, mashaya, wuraren rigakafi da kasuwanni lambobinsu. Ba kowane taki ake rubutawa ba, ana rubuta tsallakawa daga yanki zuwa yanki da duk inda garke ya cakuɗu da wani. Duk dabbobin da ke kiwo a fili ɗaya suna shan ruwa ɗaya, a wajen likita garke ɗaya ne ko da masu su goma ne. Lokacin rigakafi shi ne ya fi dacewa da sa lamba da sabunta ƙidaya, tunda an riga an tara dabbobin an kama su.

A nan zan ɗan saɓa wa Injiniya, tare da girmamawa. Na'ura tana rage kuskuren kwafe lamba, wannan gaskiya ne, kuma inda doka ta wajabta ba zaɓi: Tarayyar Turai ta wajabta ta ga tumaki da awaki daga ƙarshen 2009, Amurka kuma daga Nuwamban 2024 ga wasu rukunan shanu masu tsallaka jiha. Amma ba ta rubuta motsin da mutum bai kai rahoto ba. New Zealand tana da 'yan kunne masu na'ura da rumbun ƙasa tun 2012, duk da haka da cutar shanu mai suna Mycoplasma bovis ta ɓulla a 2017, sai aka tarar motsi da yawa tsakanin gona da gona ba a shigar da su ba, masu bincike suka koma tambayar baki da duba takardun direbobi, maruƙa kuma suna ci gaba da tafiya. Garke mai ɗan kunnen roba da littafin da ake cikawa a ranar da abu ya faru ya fi garke mai na'ura da ake cika wa bayanai daga ƙwaƙwalwa a ƙarshen wata. Ga tumaki da awakin da za a yanka suna ƙanana ma, lambar garke tana iya wadatarwa, kamar yadda Turai ta yarda ga waɗanda za a yanka kafin wata 12. Kaji kuwa da rukuni ake bin su, ɗaki ɗaya, ranar shiga ɗaya.

Abin da zai nuna muku ko littafinku na da rai shi ne lissafin wata. Adadin farkon wata, a ƙara haihuwa da waɗanda suka shigo, a cire waɗanda suka mutu, aka sayar, aka yanka ko suka ɓata. Abin da ya fito dole ya yi daidai da ƙirgen da za ku yi a turke. Inda aka fi samun gibi shi ne mutuwar ƙanana da ba a rubuta ba, dabbar da aka ba aro ko kyauta, da bijimin da aka kawo don barbara ya koma. Wannan bijimin motsi biyu ne, shiga da fita, kuma yana daga cikin hanyoyin da wasu cututtuka masu jawo ɓari ke bi. A ajiye littafin aƙalla shekara 3, na magani shekara 5, wanda shi ne ma'aunin Turai.

Injiniya_RFID:

Hajiya, na karɓi wannan. Ƙari ɗaya kawai: duk manhajar da za a zaɓa ta zama mai aiki babu intanet, ta adana karatu a waya ta tura idan an samu layi, kuma ta riƙe ranar da aka yi karatun, ba ranar da aka tura ba. A ɗauki hoton shafukan littafin takarda duk wata a ajiye a wani wuri dabam, saboda ruwa da gobara.

Likitan_Dabbobi:

Malam Mai Garke, bayan wata uku da farawa ku gwada tsarin da kanku. Wani ya zaɓi lamba ɗaya daga cikin waɗanda kuka sayar, ba tare da ya gaya muku tun da wuri ba, ku duba agogo. Ku fito da inda aka haife ta ko wanda ya sayar muku, duk wurin da ta zauna a kwana 30 na ƙarshe, dabbobin da ta zauna da su da inda kowace take yanzu, maganin ƙarshe da aka yi mata, da wanda ya karɓe ta. Ma'aunin Ostireliya shi ne a samo wuraren kwana 30 ɗin cikin awa 24, wuraren da saniya ta zauna duk rayuwarta kuma cikin awa 48. Cutar baki da kofato tana iya ɓoyewa har kwana 14 kafin ta nuna, don haka ku kira wanda ya saya ku tabbatar lambar da ke littafinsa ita ce ke naku, ku kuma tambaye shi ko dabbar tana hannunsa har yanzu ko ta wuce gaba.